Maganin da Najiba Ta Bari

Duk ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ya fara zuwa Guangzhou kafin waya ta koyi tafinta, da wuya a ce bai bi ta hannun Malam Ƙasimu ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke tsayawa a ƙofar fita ta filin jirgi ba tare da allon sunan kowa a hannu ba, domin ya ce tun daga tafiyar mutum yake gane nasa. Zai karɓi jakarka, ya tambayi mutanen gida, ya kai ka masauki a Liuhua, washegari ya zagaya da kai Shahe ka kalli tufafi har idonka ya gaji. Idan mai shago ya ce maka “meyo”, wato babu, Ƙasimu zai yi dariya ya ce ka zauna, akwai, shayi ne ba a sha ba tukuna.

Ɗan Fagge ne. Yana tsaron shago a Kantin Kwari maigidansa ya aiko shi ya bi sawun wasu kaya da suka maƙale, a kan zai yi mako uku ya koma. Kayan suka tafi Kano, shi bai bi su ba. A lokacin yana kusa da shekara arba'in, aurensa na fari ya mutu ba haihuwa, babu abin da ke jan sa gida da ƙarfi in ban da mahaifiyarsa, ita ma ba ta daɗe ba bayan nan.

A Shahe ya haɗu da matarsa. Tana da keken ɗinki a ƙarƙashin wani bene, tana rage ƙafar wando, tana ɗinke bakin buhunan kaya. 'Yar asalin birnin ce, daga tsofaffin gidajen Musulmi na wajen titin Guangta, waɗanda kakanninsu suke salla a nan tun ba a san lokaci ba. Sunanta na Musulunci Fatumai, bakin Hausawa ya mayar da shi Fasuma, ita kuma ta amsa. Ita ta koya masa cin shinkafa da tsinke biyu, shi ya koya mata cin abinci a faranti ɗaya. A gidansu ana magana da wani yare da ba kowa ke bi ba, rabinsa yaren Kanton na mutanen birnin, rabinsa Hausa, duk wanda ya fi kusa da baki.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Najiba. Ta ɗauko tsawon ubanta da launinsa, ta ɗauko idon uwarta da saurin bakinta. Direbobin tasi sukan yi mata magana a hankali kamar baƙuwa, sai ta mayar musu da yaren Kanton na 'yan unguwa har su juyo su sake kallonta. Tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya sanƙarau ya kama ta. Ranar Talata ta ce kanta na ciwo. Ba ta kai wata Talatar ba. Shekararta goma sha tara.

Bayan an share makoki, Malam Abdulgani ya zo gidan. Ɗan kasuwa ne daga Kano wanda ya yi karatun littattafai, shi Hausawan birnin ke kira idan an yi haihuwa ko rasuwa. Ya ce komai ƙanƙantar abin da mamaci ya bari, a san rabonsa. Abin da Najiba ta bari bai taka kara ya karya ba: waya, kwamfuta, keke, littattafai, tufafi, da ɗan abin da ta tara daga koya wa yara Turanci. Malam Abdulgani ya ce tunda ba miji ba ɗa ba 'yan'uwa, uwa tana da sulusi, sauran na uba ne. Fasuma ba ta gane kalmar ba, sai ya jawo ƙananan kofunan shayi guda uku, ya tura ɗaya gabanta, biyu gaban mijinta. Ta daɗe tana kallon kofunan.

“A bar mata duka, Malam,” in ji Ƙasimu.

“Wannan daban ne,” in ji Malam Abdulgani. “A fara sanin na kowa. In ka ga dama daga baya, ka kira shaidu ka ba ta naka kyauta, in ta karɓa ya zama nata.”

Ba a kira shaidun ba. Babu wanda ya taɓa kayan ma. Keken yana jingine inda ta jingine shi, Fasuma tana goge masa ƙura ran Juma'a. Mutane suna zaton iyayen da suka rasa ɗa suna gudun kayansa ne saboda zafin gani. Su biyun ba haka ba ne. Ba su dai ga dalilin motsa abin da yake a wurinsa ba.

Aikin Ƙasimu kuwa ya riga ya fara janyewa tun kafin nan. Annobar korona ta rufe hanya, da aka buɗe kuma sai ga 'yan kasuwa sun koyi yin oda daga shagunansu na Kano, wanda ya zo ma wayarsa ce ke yi masa ciniki. Suna gaishe shi da girmamawa a masallacin Abi Waƙƙas ran Juma'a, “Baba Ƙasimu, ina gajiya,” su wuce. Sai lokacin baje koli na Pazhou, bazara da kaka, wasu tsofaffin abokan hulɗa ke nemansa, ɗan lada da ya samu a nan shi zai ja har wani baje kolin. Keken ɗinkin Fasuma ne ke riƙe da tukunya.

Ita ta fara ciwo. Zuciyarta ta riƙa bugu ba bisa ƙa'ida ba, likita ya ce irin wannan bugun yana sa jini ya yi guda ya tafi kai, ya rubuta mata maganin tsinka jini, ƙwaya ɗaya kullum har iya rayuwa. Ba a yi shekara ba ƙafar Ƙasimu ta hagu ta kumbura kamar turmi bayan ya wuni a tsaye a Pazhou. Aka duba aka ce gudan jini ne a jijiya, kuma ba na farko ba ne. Da ya karɓo nasa maganin ya kawo gida, Fasuma ta ɗora kwalinsa kusa da nata ta yi murmushi. Iri ɗaya ne, har launi.

Ita tana da inshorar 'yan birni, tana biyan wani ɓangare. Shi yana zaune ne da bizar miji, komai daga aljihunsa. Ya saya har inda ƙarfinsa ya kai, sannan ya daina bai gaya wa kowa ba. Idan ta tambaya sai ya ce ya sha a waje. Ita ma a lokacin ta fara tsallake kwana, ba ta gaya masa ba.

Wata safiya wata mata daga kwamitin unguwa ta hau benensu, tana haki, ta zauna ta sha ruwan zafi. Ta ce an duba an ga Fasuma ta haura sittin, abin da ke shigo mata kaɗan ne, kuma tana cikin iyayen da ɗansu ɗaya tilo ya rasu. Saboda haka gwamnati za ta ɗauke mata kusan duk kuɗin magani, a asibitin unguwa za ta riƙa karɓa wata-wata. Fasuma ta nuna mijinta da haɓa.

“Shi fa?”

Matar ta dubi Ƙasimu, ta san shi shekara da shekaru, ta sha cin dabinonsa da salla. Ta sunkuyar da kai. “Meyo,” in ji ta a hankali. Sunansa ba ya cikin rajistar iyalan birni. Ƙasimu ya raka ta har ƙasa, ya yi mata godiya, kuma har zuciyarsa ya yi ta.

Ranar da Fasuma ta karɓo kwalin farko, bayan sun gama karin kumallo ba ta ɗauke farantin ba. Ta share gefensa da tsumma, ta ɓallo ƙwaya uku ta jera, ta tura biyu gabansa, ta ja ɗaya gabanta.

“Mene ne wannan kuma?”

“Naka ne, Baban Najiba.”

“Nawa yana nan. Na gaya miki a waje nake sha.”

“Wajen ina? Ni nake wanke rigunanka, ni nake zubar da shara. Tun watan azumi ban ga ɓawon magani ba.”

Ya dubi kwalin. Sannan ya ce, “To ko ma dai mene ne, wannan da sunanki aka bayar.”

“Da sunana aka rubuta. Amma ka ji abin da matar nan ta ce. Da Najiba na raye, da ba su hau benen nan ba, da sun ce kina da 'ya, ta kula da ke. Don ta tafi ne suka bayar. To abin wa ya zama?” Ta taɓa ƙwayoyin da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya. “Malam ya nuna min da kofi. Ɗaya na uwa, biyu na uba. Ban manta ba.”

“Fasuma, wannan ba gado ba ne. Taimakon gwamnati ne.”

“Su suna cewa ba ka cikin littafinsu. Ni na san wanda ya ɗauke ta a kafaɗa ya kai ta makaranta. Ba zan ci rabonka in je in same ta da shi a cikina ba.”

Ya san matarsa. Shekara ashirin da wani abu yana kallonta tana ciniki da masu buhu, bai taɓa ganin ta sauko daga abin da ta faɗa ba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tashi ya fita ya dawo ya tarar da ƙwayoyin nan uku a inda suke, nata ma ba ta sha ba. Da la'asar suka daidaita kamar yadda ake daidaitawa a Shahe, kowa ya rage. Ba sulusi ba, rabi. Ta ɗauko ƙaramin almakashinta na yanke zare, ta dafe ƙwaya ɗaya da farce, ta raba ta biyu daidai kamar da ma'auni.

Haka suka zauna fiye da shekara. Kowace safiya faranti, almakashi, rabi da rabi, ruwan ɗumi a kofi ɗaya. Ragowar kwalin ba ta taruwa, ba ta yankewa, ba wanda zai duba ya ga wani abu. Kuma maganin ba irin wanda jiki ke ba da labarin ƙarancinsa ba ne. Ƙafar Ƙasimu ba ta sake kumbura ba, Fasuma tana zuwa kekenta. Wani lokaci har yakan ce wa kansa wataƙila likitoci suna rubuta fiye da abin da ake buƙata ne, kamar yadda mai shago ke fara faɗin kuɗi da tsada.

Amma bai taɓa yarda da hakan har ciki ba. Yakan tuna Najiba tana tsaye a kansa da farar rigar makaranta tana yi masa faɗa a kan maganin mura da ya bari a rabi: “Baba, magani ba goro ba ne da za ka gutsura ka ajiye.” Ya san hanyar fita ɗaya ce, ya sami nasa daban, kuma ya san inda ake samu. Ran Juma'a a bakin masallaci akwai mutum goma da zai ja gefe ya yi wa magana biyu. Sai dai duk cikinsu babu wanda bai taɓa kwana a tabarmarsa ba lokacin da ya zo birnin bai san gabas ba. Yakan shirya maganar tun daga gida, ya iso, a ce “Baba Ƙasimu, ya jiki?” ya ji bakinsa ya ce “Alhamdu lillahi, da sauƙi sosai.” Ya ce wa kansa bayan baje kolin bazara zai saya. Na bazara ya zo bai kawo abin kirki ba. Ya ce na kaka.

Na kaka ya kawo Maidaji. Badamagare ne da ke da shagunan kayan gini a Maraɗi, gajere mai faɗi, shi ne kusan na ƙarshe da har yanzu ba ya shiga Pazhou sai da Ƙasimu. Tun a filin jirgi ya fara.

“Bakano! Har yanzu ba su kore ka ba? Wallahi mutanen nan akwai haƙuri.”

“Ina za su kore ni, wa zai riƙa tsince ku idan kun ɓace? Bara a banɗakin mata na samo ka.”

“Rubutunsu ne duk iri ɗaya, kamar kaji sun yi tonon ƙasa. Riƙe wannan, kilishi ne na Hajiya Fasuma. Ban ce ka buɗe ba, na san halinku.”

Suna cikin rumfar masu tayil a rana ta uku, Maidaji yana ta “lauban, lauban”, wato maigida, yana buga kalkuleta, wayar Ƙasimu ta yi ƙara. Mai sayar da maɓalli ce, maƙwabciyar Fasuma a ƙarƙashin bene. Ta ce almakashi ya faɗi daga hannun Fasuma, ta sunkuya za ta ɗauka ta kasa, bakinta ya karkace, an tafi da ita asibiti.

Ya same ta a kan gado, an rataya mata ruwa, idonta biyu. Gefen damanta ba ya motsi. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Najiba da yawa ba. Ta ce gudan jini ne ya tafi kai, an yi sa'a an kawo ta da wuri. Ta duba na'urarta ta ce ga shi nan tana karɓar maganinta kowane wata ba fashi.

“Tana sha kullum? Ƙwaya ɗaya cikakkiya? Ina tambaya ne don in san abin da zan ba ta yanzu. Idan tana sha daidai kuma wannan ya faru, to maganin bai karɓe ta ba, sai mu canja hanya.”

Fasuma ta kafe shi da ido. Da hannun hagu ta kamo bakin rigarsa ta ja. Ya gane abin da take cewa: idan ya faɗa, za a iya yanke taimakon, su rasa duka biyun. Shi ma abin da ke ransa ke nan tun a cikin tasi. Ya ɗora hannunsa a kan nata.

“Rabi take sha,” in ji shi da yaren Kanton. “Ni nake shan rabin.”

Likitar ta daina rubutu. Ta tambaye shi tun yaushe, ya faɗa. Ta tambayi me ke damunsa shi, ya ɗage ƙafar wando ya nuna mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Kawu, rabi bai kare ta ba, kai ma bai kare ka ba. Ku biyun kun zauna ne ba magani.” Fasuma ta saki rigarsa ta juya fuskarta bango.

Ba a yanke taimakon ba. Matar kwamitin unguwa ta zo asibiti da lemo a leda, ta tsaya da Ƙasimu a baranda ta ce ita ba ta ji komai ba, kuma ba ta son ta sake jin abin da ba ta ji ba. Ta ce maganin na mutum ɗaya ne, ba ta da ikon mayar da shi na biyu, da tana da shi da ta yi tun farko.

Aka sallamo Fasuma tana jan ƙafa, hannun dama a naɗe a ƙirji, magana tana fita ɗaya-ɗaya. Keken ɗinki ya riga ya zama tarihi, kowa ya sani ba wanda ya faɗa. A asibiti ma'aikatan jinya ne ke ba ta magani, tana haɗiyewa don ba ta da yadda za ta yi. Safiyar farko a gida, Ƙasimu ya dama mata kunun shinkafa ya ba ta a baki, ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya miƙa mata da ruwa. Ta karɓa da hagu ta ajiye a kan faranti. Ta lalubo almakashin a aljihun rigarta, ta yi ta ƙoƙarin sa yatsun hagu a cikinsa, ya zame. Ta tura masa shi.

“Yanka.”

“Ba zan yanka ba. Kin ji abin da likita ta ce.”

“Naka?”

“Zan samu.”

“Ina?”

Ta rufe bakinta, ɓangaren da ke rufuwa, ta kawar da kai. Ya roƙe ta da Allah, ya roƙe ta da Najiba, ya ga ambaton sunan ya ƙara mata ƙarfi ne kawai. Da ma likitar ta gaya masa a fili cewa idan ciwon ya sake bugowa, na biyu ba ya yin sassaucin na farko. Ƙwayar tana kan faranti har rana ta ɗaga.

Sai ya sa hularsa, ya kira maƙwabciya ta zauna da ita, ya hau bas zuwa sito inda ake loda wa Maidaji kwantena. Jirgin Maidaji washegari ne. Ya same shi a kan kwali yana ƙirga fale-falen tayil yana zagin masu loda da Hausa suna yi masa dariya.

“Ah, Bakano, ya mai jiki? Ka zo ka taya ni, waɗannan mutanen za su kashe ni.”

“Alhaji, magana na zo da ita.”

Shekara ashirin bai taɓa kiransa Alhaji ba. Maidaji ya sauko daga kan kwalin. Suka koma inuwar bango, Ƙasimu ya faɗa masa duka, daga kofuna uku har ƙwayar da ke kan faranti a wannan lokacin. Yana magana yana kallon ƙasa. Da ya zo wurin roƙon kansa, ya faɗe shi da kalmominsa cikakku: ba shi da abin sayen magani, yana neman taimako.

Maidaji ya dube shi daga sama har ƙasa. Sannan ya ce, “Bara da kaka na zo. Bana da bazara na zo. Muka ci abinci a gidanka, matar nan ta dafa min kifi. Kana zaune kana kallona ina sayen tayil na banɗaki.” Ya goge fuskarsa da hannun riga. “Girman kan Kanawa dai sai Allah. Bon. Ina takardar lokotoro?”

Suka ɗauki takardar likitan suka je kantin magani tare. Maidaji ya sayi abin da zai kai Ƙasimu har baje kolin bazara, ya ce idan ya dawo za a sake, idan kuma bai dawo ba ga Malam Abdulgani ga sauran jama'a, shi da kansa zai gaya musu, Bakano ya mutu da kunya in ya ga dama. Ƙasimu bai ce kar ya faɗa ba. Ya ce akwai abu ɗaya da ya rage, yana son shaidu biyu.

Bayan azahar Malam Abdulgani da Maidaji suka hau benen, suka cire takalma, suka zauna a tabarma gaban kujerar Fasuma. Keken Najiba yana jingine a bayansu. Ƙasimu ya ajiye sabbin kwalayen a kan faranti, ya bar ta ta juya su da hagu, ta duba launi, ta duba rubutu, ta girgiza ɗaya ta ji nauyinsa. Malam Abdulgani ya buɗe baki zai yi bayanin cewa taimakon gwamnati ba ya shiga gado, ya dubi fuskar matar, ya fasa.

Ƙasimu ya gyara zama. Ya faɗa da Hausa don shaidu, ya maimaita da yaren Kanton don ita.

“Fasuma, rabona na abin da Najiba ta bari, kofi biyun nan, da wanda muka gani da wanda ya zo daga baya, na ba ki kyauta, duniya da lahira. Ga Malam, ga Alhaji Maidaji, sun ji.”

“Sai kin ce kin karɓa, Hajiya,” in ji Malam Abdulgani. “In ba ki ce ba, yana nan nasa.”

Ta dubi Maidaji. Ta nuna kwalayen da haɓa, ta tattaro kalmomin da ƙyar. “In ya ƙare?”

“In ya ƙare ina raye, Hajiya, wuyana. In ba na raye, na bar wasiyya. Ba don shi ba, don kifin nan.”

Gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga. Ta juya ta kalli keken Najiba ta daɗe. Babu wanda ya gaggauta ta.

“Na karɓa,” in ji ta.

Malam Abdulgani ya ɗaga hannu aka yi wa Najiba addu'a. Ƙasimu ya ɓallo ƙwaya daga nasa kwalin, ya nuna mata ita a tafin hannu, ya haɗiye tana kallo. Sannan ta ɗauki tata, wadda ke kan faranti tun safe. Ta sa a baki ta kurɓi ruwa, ta yamutsa fuska, ta sake kurɓa.

“Babba ce,” in ji ta.

Ya tashi ya ƙaro mata ruwan ɗumi. Almakashin yana nan a kan tabarma inda ta tura masa shi da safe. Ya ɗauka zai sa a aljihunsa, ta miƙo hannun hagu, ya ba ta. Ta mayar da shi aljihun rigarta, inda yake zama tun kafin ya san ta.